Ranar da Na Kifar da Lorin Fashaga da Bakina

Bari in faɗa tun da wuri kada wani ya riga ni: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. In ka shigo unguwarmu a Gadarif ka tambayi gidan Malam Idirisu, za a tsaya ana kallonka kamar ka tambayi hanyar teku. Amma ka ce gidan Nashra, ko yaron da bai iya ɗaure wandonsa ba zai kai ka har ƙofa. Nashra kuwa, ga wanda bai sani ba, ita ce labaran da ake karantawa a rediyo. Na yi gemu, gemun ya yi fari, na aurar da 'ya'ya, na je Makka na dawo, amma sunan nan ya maƙale mini kamar ƙarangiya a bakin wando. Ba na jin kunyarsa. Wasu sun yi shekaru a jami'a ba su samu laƙabi ba, ni kuwa a yamma guda na samu nawa.

Karatuna na gwamnati bai yi nisa ba. Na zauna a aji har na iya rubuta sunana ba tare da na fito da harshe waje ba, na kuma iya Larabcin littafi, irin wanda ake ɗaga haɓa in za a yi shi. Daga nan gona ta kira ni na amsa. To amma a gidanmu na wancan lokaci, wannan ɗan abin ya isa a ce da mutum masani. Kowa ya yarda da haka, ban da mutum ɗaya: kakata, Kaka Dije, uwar mahaifina.

Kaka Dije ta baro ƙasar Hausa tana amarya, ita da mijinta da jaki, da niyyar hajji. Suka yi ta tafiya suna noma a hanya, har guzuri ya ƙare a Gadarif, mijin kuma daga baya ya kwanta dama. Ta haifi 'ya'ya a nan, ta ga jikoki a nan, ta binne ƙawaye a nan, amma ka ce mata 'yar Gadarif ka ji abin da ba ka so. "Mu matafiya ne," in ji ta, "hutawa muka tsaya yi." Larabcin kasuwa ta iya shi sarai, har ta zagi mai nama da shi. Amma da ta tsallako ƙofar gida sai ta tuɓe shi tare da takalmanta. A tsakar gidanmu Hausa ake yi, ko a yi shiru.

Bayan magariba, in an ci tuwon dawa an suɗe kwano, sai ta jawo kanun, wato ɗan murhun gawayi na ƙarfe, ta ajiye shi a bakin rumfa. Ta soya 'ya'yan gahawa har ƙamshi ya tsallaka katanga, ta daka da citta, ta ɗora jabana, wato 'yar butar gahawa, a wuta. Mu yara, na gida da na maƙwabta, mu kewaye ta a tabarma. Ba ta fara magana sai gawayin ya yi ja. A sauran gidaje ana buɗe tatsuniya da kalmomin da kowa ya sani, amma Kaka tana da nata. Sai ta dubi ƙofar gida kamar ta ji motsi, ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu kuma mu haɗa baki, "Ta shigo mu ji ta." In ba a amsa ba, ba ta ci gaba. Ko an amsa, in amsar ta fito da sanyin jiki, sai ta ce baƙuwar ta yi fushi ta juya, sai mun sake da ƙarfi. In ta gama kuwa sai ta kaɗe zaninta ta ce, "Baƙuwa ta ɗauki takalmanta," kowa ya san ƙarya ta ƙare, a tashi a kwanta.

Haka muke har shekarar da riɗi ya yi kyau, mahaifina ya shigo gida da rediyo a kafaɗa. Akwati ne mai rigar fata, da ƙarfe mai tsawo da ake zarowa. Aka ɗora shi kan teburin da ba a taɓa ɗora komai a kai ba, Inna ta ɗinka masa mayafi mai fure. Ni aka naɗa mai kula da shi, tunda ni ne mai ilimi. Kafin wata ya mutu na haddace ranarsa kaf. Da asuba karatun Alƙur'ani. Rana na fitowa sai nashra, wani mutum mai murya kamar daga cikin rijiya ya faɗi abin da manya suka yi jiya. Sai shirin manoma, inda wani da na tabbata bai taɓa riƙe lauje ba yake koya wa ubana yankan riɗi. Da hantsi shirin mata, ana bayanin miyar da ba a samun kayanta a kasuwarmu. Bayan la'asar tamsiliyya, wato wasan kwaikwayo, da kuka da saki da gado. Sai 'yan ban dariya su biyo baya. Bayan magariba kuma nashra ta dawo, a biyo ta da sunayen waɗanda suka rasu a faɗin ƙasa da inda ake zaman makoki.

Kun lura da inda matsalar take? Bayan magariba.

Da farko muna raba kunne biyu, ɗaya ga kanun, ɗaya ga teburi. Sannu a hankali tabarmar ta riƙa jan jiki tana matsawa, har aka wayi gari ta koma gindin teburi gaba ɗaya. Kaka ba ta ce ku dawo ba. Ba irin matan da ke roƙo ba ce. Kullum sai ta hura gawayinta, ta soya gahawarta, ta jira ya yi ja, ta dubi ƙofa ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Shiru, sai muryar mai rijiya. Ta ɗan jira kamar yadda ake jiran mai sallama ya gyara takalmi. Sannan ta shanye jabanarta ita kaɗai, ta rufe wuta da toka, ta shige ɗaki. Gobe ma haka. Jibi ma haka. Ba ta fasa ba ko sau ɗaya, mu ma ba mu amsa ba ko sau ɗaya.

Wata rana na ga ya kamata in wayar mata da kai, abin da ya wajaba ga duk mai ilimi. Na ce, "Kaka, ki zo ki ji duniya. Nan ciki akwai labarin Masar, akwai na Habasha, har da na Makkar da kike son zuwa."

Ta ce, "Kai ɗan nan, in ka yi masa magana yana amsawa?"

Na ce ba ya amsawa.

"In ka yi atishawa yana tsayawa ya ce maka Allah ya yi rahama?"

Na ce a'a.

"Jiya na ji yana jera matattu kamar mai ƙirga buhuna. Ya jira an ce Allah ya jiƙansu?"

Na ce ai shi ba ya jin mu.

"To mai baki ba kunne, a garinmu mahaukaci ake ce masa. Ku kuka yi masa mayafi."

Abin da ya fi ɓata mata rai 'yan ban dariyan nan ne. Akwai wani a cikinsu da ya ƙware wajen kwaikwayon Larabcin mutanenmu, yana mai da namiji mace, mace namiji, yana kiran kansa Hajji Takari. Mu yara mu yi ta birgima muna riƙe ciki. Ranar da ta gane abin da ake yi, ta tsaya a kanmu da muciya a hannu ta ce, "Da bakin ubanku ake wasa, ku kuna taya shi tafi. Ya zo nan ya faɗi kalma ɗaya da Hausa mu ga wanda zai yi dariya." Na ce ai wasa ne. Ta ce, "Wasan da ba a ba ka damar ramawa ba, duka ne."

Damina ta ɗauke, baƙar lakar Gadarif ta bushe ta tsattsage, riɗi ya nuna. Shi kuwa riɗi ba ya jiran kowa, in an makara sai ya fashe ya zube ƙasa. Mazan unguwa suka wasa laujensu suka hau lori zuwa gonakin Fashaga, ubana a cikinsu. Unguwa ta koma ta mata da yara da tsofaffi. Ni kuwa na zama babban mutum. Matan maƙwabta sukan leƙo su ce, "Idirisu, me akwati ya ce yau?" Sai in gyara zama, in yi tari irin na manya, in fassara musu abin da na gane, abin da ban gane ba in cika da nawa. Batir ya fara rauni, babu mai sayo wani sai maza sun dawo. Don haka na riƙa zare su in shanya a rana kamar kuɓewa, ba na kunna akwatin sai lokacin nashra, kuma sai na manna shi a kunne kafin in ji.

Ranar da abin ya faru, an idar da sallar magariba, na mayar da batir, na murɗa. Sai na ji murya mai nauyi, da Larabcin littafi, tana cewa labari ya iso yanzun nan: lori ɗauke da masu yankan riɗi ya kife a hanyar gabas, direba ya mutu, ba a san adadin sauran ba. Daga bayan muryar na ji mace ta kurma ihu. Sai akwatin ya yi ƙara ya ɗauke.

Yanzu, mai hankali zai tambayi kansa tun yaushe ake kururuwa a cikin nashra. Ni ban tambaya ba. Hanyar gabas ɗaya na sani, riɗi ɗaya na sani, uba ɗaya gare ni. Na fito da gudu ina ihu cewa lorin mutanenmu ya kife. Kafin in kai ƙofar gida na ƙara masa wuri, na ce kusa da garin Shuwak ne. Kafin in kai gidan maƙwabta na jefa shi cikin kogi. Wallahi ban yi niyyar ƙari ba, labarin ne yake girma a bakina kamar ƙullun da aka sa wa tsami.

Kan ka ce kwabo gidanmu ya cika. Inna ta zube ƙasa. Mata suna ta salati, wasu sun ɗora hannu a ka, ƙananan yara suna kuka don sun ga ana kuka. Kaka tana zaune gaban kanun, 'ya'yan gahawa na cikin kasko. Ba ta tashi ba. Ta ci gaba da juya su har suka yi yadda take so, ta sauke. Sannan ta kira ni da yatsa.

"Wa ya faɗa maka?"

"Akwati, Kaka."

"Shi wa ya faɗa masa?"

Na ce ban sani ba.

"Ya kira sunan wani?"

"Bai kira ba."

"Ya ce Shuwak?"

Na dubi ƙasa. Na ce ya kusa cewa.

Ta juya ga matan, muryarta ta fito kamar bulala. "Ku rufe mini baki. Ba a fara makoki a gidan nan da bakin akwati. Na binne miji a hanya, na binne 'ya'ya biyu, na san yadda mutuwa ke zuwa. Da ƙafa take zuwa, ta yi sallama, ta zauna a tabarma, ta kira sunan mamaci da na ubansa. Wannan da ba shi da ƙafa ba zai sa in yi wa Wancan kuka ba." Wancan shi ne ubana. Ɗan farinta ne, don haka tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Wata daga cikin matan ta yi gunaguni cewa kunyar ɗan fari ce ta hana tsohuwa hawaye. Kaka ta ji. Ta ce, "Kunya daban, wauta daban. Ke wacce ke damunki?"

Ta aika aka kira Malam Garba, wani tsoho maƙwabcinmu da ciwon gwiwa ya hana shi zuwa yanka, ta ce ya hau jaki ya je tashar lori ya tambayi direbobi. Ya tafi. Saura jira, kuma jira da yara masu kuka ba ƙaramin aiki ba ne. Ƙanwata ta riƙe zanin Inna tana kiran Baba. Sai Kaka ta ƙara gawayi, ta fifita shi har ya yi ja. Ta dubi ƙofar da kowa ke tsoron dubawa, ta ce da ƙarfi, "Ga baƙuwa a ƙofa."

Ba wanda ya motsa. Ta sake faɗa. Sai ƙanwata, da majina har leɓe, ta ce, "Ta shigo mu ji ta." Kaka ta ce ba ta ji ba. Muka haɗa baki, har da wasu matan. Tabarmar da ta yi watanni a gindin teburi ta dawo bakin kanun, ban ma san wanda ya jawo ta ba.

Tatsuniyar ta wata mata ce da mijinta ya haye kogi zuwa gona. Tana cikin daka sai hankaka ya sauka kan katanga, a lokacin nan baƙi ne wuluk ba ɗigon fari, ya ce, "Bar dakan nan, kogi ya cinye mai gidanki." Matar ba ta ajiye taɓarya ba. Ta ce, "Ka gani da idonka?" Ya ce shirwa ce ta faɗa masa. Ta ce, "Madalla, sauko ka ci tsaki." Da ya sauko sai ta ɗaure ƙafarsa a jikin turmi, ta ce nan zai zauna har shirwa ta zo. Shirwa ta zo neman hankaka, aka tambaye ta, ta ce ita hula kawai ta hango tana yawo a kan ruwa, balbela ce ta ce mata mai hular ya nutse. Ita ma aka ba ta tsaki aka ɗaure. Kowane tsuntsu ya zo, sai matar ta buga taɓarya ta rera, mu kuma mu amsa:

"Wa ya gani?"
"Ba ni ba."
"Wa ya faɗa?"
"Na gaba."

Kaka tana yin muryar kowane tsuntsu. Ta hankaka ta yi ta da nauyi, daga cikin maƙogwaro, tana ɗaga haɓa, har sai da kowa ya gane muryar mai nashra ce, wasu kuma suka ce tawa ce. Matan da suka zo kuka suka fara dariya suna share hawaye da gefen mayafi. Aka ɗaure balbela, aka ɗaure kurciya. Daga nan matar ta ce ta gaji da masu fiffike, a kira mata kwaɗo, shi da ke kwana cikin kogin. Kwaɗo ya taho yana tsalle, ya iso ƙofa, ya buɗe baki.

Nan Kaka ta tsaya. Ta zuba jabana a ɗan finjali ta kurɓa. Muka ce, "Sai me, Kaka? Me kwaɗo ya ce?" Ta ce, "Kwaɗo ya sha hanya, bari ya huta. Baƙuwa za ta kwana a gidan nan yau." Tun da muke ba ta taɓa barin tatsuniya a tsakiya ba. Na ce a raina tsohuwa ta saci dabarar tamsiliyya.

Malam Garba ya dawo ya ce direbobin da suka shigo daga gabas ba wanda ya ga lori a kife, amma ba wanda ya rantse cewa babu. Da wannan aka kwana, in an kira shi kwana.

Washegari na shanya batir tun hantsi. Bayan la'asar matan unguwa suka taru, na kunna, na ɗaga akwatin sama don kowa ya ji. Sai ga kiɗan tamsiliyya. Sai ga matar jiya mai kururuwa. Sai ga direban da na kashe, kwance a asibiti, yana yi wa mai jinya daɗin baki, ashe suma ya yi. Daga baya mai kantin bakin titi ya warware mana: jiya wani babban mutum ya yi jawabi mai tsawo, duk shirye-shirye suka ja baya, wasan la'asar ya faɗa lokacin nashra. A cikin wasan ne aka sa wani ya karanta labarin haɗari. Lorin nan bai taɓa taka ƙasa ba, balle ya kife.

Abin da matan nan suka yi mini ba zai faɗu duka ba. Wata da ta suma jiya ita ta fara kama kunnena. Wata ta ce, "Nashra, yau wa ya mutu?" Shi ke nan, an raɗa suna ba rago. Inna ta rasa ko ta doke ni ko ta rungume ni, sai ta yi duka biyun.

Na lallaɓa wurin Kaka da yamma na ce, to tunda ƙarya ce, kwaɗo ya yi magana mana. Ta dube ni sama da ƙasa. "Jiya akwati ya ce ya mutu, ban yarda ba. Yau ya ce bai mutu ba, sai in yarda? Ni ba a juya ni da yatsa biyu." A daren nan kwaɗo bai ce uffan ba. Yana shirin magana sai zabo ya faɗo da nasa labarin, aka ɗaure shi. Washegari jimina. Bayan nan mujiya, da carki, da wani tsuntsu da na tabbata Kaka ce ta halicce shi a wurin. Turmin matar nan ya ɗauki tsuntsayen duniya, mu kuwa ba mai tashi daga tabarma, har yaran wasu unguwanni suna zuwa jin ko yau kwaɗo zai buɗe baki. Nashrar magariba ta riƙa yi wa teburi magana shi kaɗai, har na daina wahalar da batir.

Ranar da mazan suka dawo, ubana ya shigo ya rame ya yi baƙi, tafin hannunsa duk kanta. Gida ya rikice da murna. Kaka ba ta ko dube shi ba. Ta ce wa Inna, "A ba Wancan ruwa." Amma ni ina kusa da ita, na ga jabana tana zuba a gefen finjali, ita da ba ta taɓa ɗigar da ko ɗigo ba. Da daren kwaɗo ya yi magana. Ya ce hula dai ya ganta, iska ce ta cire ta, mai kan kuwa ya bar shi a gaɓa yana zagin iska. Sai ga miji ya shigo kai ba hula, ya tarar da gidansa ya zama kasuwar tsuntsaye. Matar ta kwance kowa, amma kafin ta saki hankaka sai ta dumbuzo gari ta shafa masa a ƙirji, don duk inda ya sauka a hango shi daga nesa a san mai ɗauko zance ya iso. Shi ya sa har yau ƙirjinsa fari ne. Kaka ta kaɗe zani ta ce baƙuwa ta ɗauki takalmanta. Sannan ta nuna teburi da haɓa. "Ni ma ƙarya nake muku, shi ma ƙarya yake muku. Amma tawa tana sallama kafin ta shigo, in za ta tafi ta yi ban kwana. Tasa ta katanga take haurowa, sanye da rigar gaskiya."

Daga ranar aka raba mulki. Akwati ya riƙe rana, daga karatun asuba har 'yan ban dariya. Da an kira magariba sai a rufa masa mayafinsa. Ubana ya so ya yi gardama saboda nashra, ta ce in duniya ta tashi za a zo a faɗa mana da ƙafa. Haka aka yi har ta rasu, ba ta ga Makka ba, ba ta kuma yarda cewa ta fasa zuwa ba.

Shekaru da yawa ina ba da wannan labari a matsayin abin dariya, ina cewa tsohuwa ta ja tatsuniya ne don ta riƙe mu. Sai da yaƙi ya tashi a Hartum na gane ban fahimci komai ba. 'Yata Hauwa ta iso mana da 'ya'yanta a bayan motar kaya, da abin da hannu zai iya ɗauka. Mijinta ya tsaya tsaron gida, ya ce zai biyo su. Bayan wasu watanni dangin matata suka iso daga garin Madani, gida ya cika har rumfa. Hauwa ta kafa teburin shayi a bakin kasuwa, ita da ta yi aikin ofis. Mijin kuwa wayarsa ta daina shiga. Yanzu ba akwati ɗaya ba ne, kowa da nasa a aljihu, kuma duk ta katanga suke haurowa. Yau a ce an gan shi a wani masallaci, gobe a ce unguwarsu ba wanda ya rage. Wata rana wata mata ta zo har gida da waya a hannu za ta fara salati, sai na ji Hauwa ta ce mata, "Kin gani da idonki?" Ban taɓa koya mata ba. Na shiga ɗaki na zauna, don kada a ga tsoho yana abin da bai kamata ba.

A nan na gane abin da ya hana kwaɗo magana. Kaka ba dabara take ba. Ba ta san abin da zai ce ba. Ba za ta kashe mijin matar nan a gabanmu ba, ba kuma za ta dawo da shi ba alhali nata ɗan bai dawo ba, don ko a cikin ƙarya akwai ƙaryar da ba ta yi wa yaro. Sai ta riƙe ƙofa a buɗe, ta yi ta ɗaure tsuntsaye, dare bayan dare, ita kaɗai ta san abin da ke cin ta.

Jikokina na Hartum Hausarsu ba ta wuce sannu da ina kwana ba. Ƙaramar, Safiya, ba ta barci sai ta tambayi ko an ambaci babanta a nashra. Don haka wata magariba na kashe rediyona da hannuna, na sa aka tara wayoyi cikin kwano aka rufe da faifai, na jawo kanun ɗin matata, Hajiya Zainabu. Na koya wa yaran amsa, suka yi ta maimaitawa suna karya harshe. Gawayi ya yi ja. Na dubi ƙofa na ce, "Ga baƙuwa a ƙofa." Suka ce, "Ta shigo mu ji ta," Safiya ta fi kowa ƙarfi.

Sai na ga idonta, na tuna akwai kwaɗo a gaba, ni kuwa ban san abin da zai ce ba. Na ce kafin mu fara ya kamata su san asalin wannan tatsuniya. Na ɗauko musu tun daga jakin Kaka. Na bi ta kan tsarin shirye-shiryen rediyo na da, da yadda ake shanya batir, da bambancin nashra da tamsiliyya, da illar jita-jita ga al'umma, wanda a nan na ɗan faɗaɗa saboda fanni na ne. Jabana ta tafasa ta huce. Ɗaya daga cikin yaran ya fara gyangyaɗi. Ina cikin bayanin halin direbobin hanyar Shuwak, sai Hajiya Zainabu ta ajiye mafici, ta dube ni yadda Kaka ke duban teburi.

"Malam Nashra," in ji ta, "baƙuwar aka yi wa izini, ba kai ba. Matsa mata daga ƙofa."